Kafin ku ce wa yara su ajiye filaya su kama AI

Jama'a, akwai wata magana da ta cika shafukan nan, kuma ta kai matsayin da shiru ba zai yi ba. Wai nan da 'yan shekaru ƙirƙirarriyar basira, wato AI, za ta shafe duk wata sana'a, don haka yaron da ke zaune a shagon gyaran waya, ko yake bin maigidansa aikin wayarin, ɓata ƙuruciyarsa kawai yake yi. Ya tashi ya zo a koya masa yadda ake magana da AI. Ƙarshen rubutun kuma kullum iri ɗaya ne: ga lambar asusu, kujeru saura kaɗan.

A ɗaya gefen kuma ga wasu iyayen gidanmu masu sana'ar. Da ka ɗauko zancen sai su kwashe da dariya su ce, "To ta zo ta hau tsani mana mu gani." Daga nan an rufe magana.

Duka biyun suna cutar yaranmu. Amma bari in fara da masu sayar da tsoro, don su ne suke karɓar kuɗi.

Malam mai kwas, tambaya ɗaya zan yi maka. Ita wannan AI ɗin da me take aiki? Da wuta. Duk amsar da ChatGPT ya ba ka tun fitowarsa a watan Nuwamban 2022, daga wasu manyan gine-gine take fitowa, cike da kwamfutoci masu zuƙar lantarki dare da rana, ga na'urorin sanyaya su, ga tiransifomomi, ga batura, ga janaretocin ko-ta-kwana. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 irin waɗannan cibiyoyi sun sha wutar da ta kai awannin terawat 415, kuma tana hasashen abin zai haura ninki biyu zuwa 2030. Don mu gane girman abin: layin wutar Najeriya gaba ɗaya yakan yi ta lilo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000. In ka lissafa na shekara guda, abin da waɗancan gine-gine suka sha ya kai wajen ninki goma na wutar da ake raba wa mutum sama da miliyan 200. Ƙishin ya kai a 2024 kamfanin Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar a farfaɗo masa da wani sashe na tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, wanda aka riga aka rufe.

To wa zai ja waɗannan wayoyi? Wa zai ɗaure su, ya gwada su, ya tashi da tsakar dare in wani abu ya yi ƙauri?

Su kansu masu abin ba su ɓoye ba. Geoffrey Hinton, wanda ake yi wa kallon ɗaya daga cikin iyayen wannan fasaha, ya kuma samu kyautar Nobel a 2024, da aka tambaye shi shawarar da zai ba matasa sai ya nuna musu aikin famfo, saboda na'ura za ta daɗe ba ta kamo hannun mutum ba. Shugaban Nvidia, Jensen Huang, wanda kamfaninsa ke ƙera ƙwaƙwalwar da AI ke gudana a kanta, shi ma a 2025 cewa ya yi za a buƙaci masu aikin lantarki da masu famfo da kafintoci birjik don gina cibiyoyin nan. Masu tuwon suna neman mai riƙe filaya, kai da ka ga abin a TikTok kana cewa a jefar da ita. Haba malam!

Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne. Tun shekarun 1980 masana irin su Hans Moravec suka lura cewa abin da ke wahalar da mutum, kamar dogon lissafi, shi ne mai sauƙi ga kwamfuta, abin da kuma yaro ɗan shekara biyar ke yi ba tunani, kamar miƙa hannu cikin duhu ya laluɓo abu, shi ne ke ba ta kashi. Shiga silin ɗin tsohon gida a Fagge ko Tudun Wadar Zariya da zafin watan Afrilu. Wayar da aka ja shekara talatin da suka wuce, mutum biyar sun yi mata ƙari, babu zane, babu launin da za ka amince da shi, ɓera ya ci rabi. Babu gida biyu da ɓarnarsu ta zo iri ɗaya. Mutum-mutumin da zai shiga nan ya fito da aiki, a kuɗin da mai gidan zai iya biya, ba yau ba.

Sannan ku dubi kasuwar da ke gabanmu. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, janareta ya koma kayan ado a gidaje da yawa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit. A Oktoban 2024 Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mata wuta, har da na Shiroro zuwa Kaduna. Me mutane suka yi? Sola. Masu shago, masu ƙanƙara, masu cajin waya, asibitoci, makarantu, masu noman rani da famfon sola, kowa ya ɗaga kai sama. Kowane fanel da aka ɗora a kan kwano, hannu ne ya ɗora shi, kuma hannu zai dawo ya duba shi. A irin wannan lokaci ne wani zai ce wa yaro ya bar koyon lantarki? Wallahi wannan ba shawara ba ce, zalunci ne.

To iyayen gida, kar ku yi saurin tafi. Yanzu na zo kanku.

Gaskiya ne AI ba ta hawa tsani. Amma wa ya ce muku kuɗin sana'ar nan a tsani yake? Abin da ya raba gwani da ɗan koyo shi ne gano ciwon. Kowa zai iya narka dalma ya cire kafasita ya sa wata. Sanin cewa ita ce ta mutu a cikin ɗaruruwan ƙananan kaya da ke kan allo, shi ake biya. To daidai wannan wurin AI ta nufa.

Mu tuna baya kaɗan. Ina masu gyaran rediyo mai kaset? Ina masu gyaran bidiyo? Ina ma'aikatan wayar tarho ta NITEL bayan shigowar GSM a 2001? Ina waɗanda suka ƙware a talabijin mai ƙusumbi, suka rantse wannan mai faɗin ba za ta yi ƙarko ba? Ba mutum-mutumi ne ya kore su ba. Kayan ne suka sauya, su kuma suka tsaya. Waɗanda suka bi kiɗan suna nan suna cin abinci, sauran sai labari. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi.

Kuma wutar ta riga ta kama wasu gemun. A masana'antun haɗa kayan lantarki, kyamara ce yanzu ke duba allunan da aka haɗa, tana gano inda dalma ba ta kama ba da saurin da idon mutum ba zai iya ba. A manyan kamfanoni ana liƙa wa injina da tiransifomomi na'urorin da ke auna zafi da girgiza, manhaja ta faɗi wanda ke shirin lalacewa tun bai lalace ba, don haka zagayen duba-gari da mutane da yawa ke yi ya koma na 'yan kaɗan. Mita mai kati ta rage aikin masu zagayen karanta mita, irin mitar da ake iya kashewa daga ofis kuma za ta rage na masu zuwa yanke wuta. Inbatocin yanzu da yawa suna haɗe da intanet, suna aika wa mai su da kamfanin da ya ƙera su bayanin halin da suke ciki. Aikin ofis na sana'ar ma, kamar lissafin kayan da gini zai ci, da rubuta takardar farashi, da zanen farko, abin da kan ci yini guda yanzu mintuna ne.

Ga kuma babbar barazanar da masu sayar da kwas ba sa ambata, don ba ta kawo musu ko sisi: kulle kaya. Kamfanoni sun koyi ɗaura kowane sashe na na'ura da lambarsa, ta yadda in ka canja shi, ko da na asali ka sa, manhajar za ta ƙi amincewa sai kamfanin ya sa albarka. 'Yan Farm Centre da Beirut Road a Kano sun san zancen. Canja batir ko sikirin na iPhone, saƙon gargaɗi ya fito wa mai waya kamar ka yi masa sata. A 2021 da iPhone 13 ta fito, canja sikirin a wajen kamfani har kashe buɗe waya da fuska yake yi, sai da aka yi ca a kan Apple sannan suka janye. Yanzu haɗa wannan da AI. Na'ura ta gano ciwonta da kanta, ta faɗa wa kamfani, kamfani ya riƙe bayanin da makullin, kai kuma mai shago a bar ka da aikin kwance noti. Sana'ar ba ta mutu ba, amma an yashe romon an bar maka ƙashi.

Turawa sun gane haka suna faɗa a kai. A 2024 jihar Oregon ta Amurka ta yi dokar hana wannan ɗaure-ɗauren kayan gyara. A shekarar dai Tarayyar Turai ta amince da dokar da ke ba mai kaya 'yancin a gyara masa abinsa. Su da ke da kuɗin jefar da waya su sayi sabuwa ke nan. Mu da kusan duk abin da ke hannunmu na hannu ne, kuma rayuwarsa ta dogara da mai gyara, yaushe kuka ji ɗan majalisarku ya ɗaga wannan magana? Dubban matasa ne ke ci daga gyaran waya tsakanin Kano da Kaduna da Computer Village ta Ikeja. In aka kulle kayan, su za a kulle.

Sai abu na gaba, wanda shi ya fi hana ni barci, domin wannan maganar rai ce. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, AI kuma ta zo ta raba ƙaramin sani kyauta. Yaro ya yi wata uku a shago, ya sauke manhaja, ya buga kati ya sa wa kansa Injiniya. Matsalar ita ce wannan abu da murya ɗaya yake faɗin daidai da kuskure. Ba ya in-ina. Zai iya ƙirƙiro maka lambar kayan da babu shi a duniya, ya jero ta tsaf kamar ya gani da idonsa. In ba ka fayyace masa inda kake ba, yana iya ɗauko maka ƙa'idar Amurka, inda wutar gida volt 120 ce, alhali tamu 230 ce, ma'aunin kaurin wayarsu ma daban ne da namu.

Ko da ya ba ka lissafi daidai, akwai abin da ba zai taɓa gani daga cikin waya ba. Zai gaya maka soket yana son waya mai kauri 2.5, fitila 1.5, kuma gaskiya ya faɗa. Amma bai san cewa nadin da ka sayo an rubuta 2.5 ne a jiki kawai ba, cikinsa bai kai ba, ko kuma alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Alminiyom kuwa kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka. Wayar ta yi ta zafi a cikin bango har ranar da za ta yi aika-aika. Zai lissafa maka cewa batir mai volt 12 da 200Ah yana riƙe 2,400, kuma in mai ruwa ne kar ka ci fiye da rabi. Daidai. Amma bai san tsohon batir ne aka wanke aka liƙa wa sabuwar takarda ba. Bai san ɗakin da za a ajiye shi kamar tanda yake ba, alhali irin wannan batir a zafin digiri 25 ake auna ƙarkonsa, kuma duk ƙarin digiri 10 na iya cinye rabin kwanansa. Bai san ƙurar hunturu za ta lulluɓe fanel cikin kwana uku ba. Wanda ya taɓa, ya auna, ya shinshina, shi ya sani.

Wuta kuma ba ta karɓar uzuri. Abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba yana iya tsayar da zuciyar mutum, soket ɗin ɗakinka kuwa na amfiya 13 ne. Kafasitar da ke cikin na'urar ɗumama abinci tana iya riƙe wajen volt 2,000 bayan an zare ta daga bango. In gini ya kama da wuta, ko yaro ya taɓa firjin da ba a yi wa atin ba, ba ChatGPT za a kai gaban alƙali ba, ba kuma shi zai je gaisuwa ba. Sau nawa muka ji gobarar kasuwa an ce daga wayar wuta ta tashi? Yanzu a kan jabun waya za mu ƙara jabun gwanaye?

Amma fa iyayen gida, ku ma ku faɗa wa kanku gaskiya: me ya tura yaron ga waya? Shekara biyu yana shara, yana sayo abinci, yana riƙe tsani. In an zo wurin gano ciwon sai a aike shi sayen ruwa, don kar ya gani ya ƙwace kwastoma. A da dole ya haƙura, don ba shi da wata ƙofa. Yau yana da malami a aljihu wanda ba ya tsawa, ba ya gajiya, ba ya ɓoye komai, sai dai yakan yi ƙarya. Sirrin da kuke ɓoyewa ya riga ya fita. Abin da ya rage a hannunku, wanda babu a intanet, shi ne hankalin aiki: yadda ake tabbatar da layi ya mutu kafin a taɓa, yadda ake gane jabu, lokacin da ake ce wa mai gida a'a ko da zai fusata. In ba ku ba su wannan ba, za su fita da rabin ilimi, sunan sana'arku ne kuma zai ɓaci.

Ni ban ce a guje ta ba. Mai hankali ya riƙe ta kamar yadda ya riƙi mita da tasta. Takardar bayanin wani ƙaramin kaya mai shafi arba'in da Turanci mai tsauri, ko littafin inbata da ya zo da rubutun Sin, yanzu za ka iya sa ta warware maka. Lambar kuskure ta fito a jikin AC, za ta jero maka abubuwan da ake zargi ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Za ta taya ka rubuta takardar farashi mai tsabta da za ka miƙa wa kamfani ba kunya. Hausarta dai har yanzu da saura, musamman a kalmomin sana'a, don haka a yi hattara. Ƙa'idar guda ce: ita ta ba da shawara, mita ta yanke hukunci. Wanda kuwa bai san alaƙar volt da amfiya da wat ba, ba shi da abin da zai kama ƙaryarta da shi. Ashe ke nan zuwanta ƙara wa karatun tushe daraja ya yi.

Gwamnati kuma, mun ga shirin 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 don horar da matasa miliyan uku fasahar zamani, mun ga daftarin manufar ƙasa kan AI a 2024. Madalla. Amma don Allah kowa ya leƙa kwalejin fasaha ta gwamnati mafi kusa da shi, ya shiga ɗakin koyon lantarki, ya dawo ya ba mu labarin abin da ya gani. Ba a gina bene a kan yashi. Muna da NBTE mai kula da karatun fasaha, hedikwatarta ma a Kaduna take. Muna da NABTEB mai shirya jarrabawa, da ITF, da NEMSA wadda doka ta ɗora wa tantance masu aikin wayarin da duba ingancin aikin. Masu aiki nawa ne a unguwarku ke da shaidar NEMSA? Masu gida nawa ne suka taɓa tambaya? Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara harkar wutarsu. Gwamnonin Arewa su yi amfani da ita su buɗe hanya mai sauƙi da araha da wanda ya koya a shago zai bi a gwada shi a ba shi takarda. SON ta tashi tsaye kan jabun waya. FCCPC da majalisa su fara maganar 'yancin gyara tun kafin a gama kulle mu a waje.

Ƙungiyoyin masu gyara, ku ma taronku kar ya tsaya a karɓar kuɗin wata da rabon hula. Ilimin da ke kan dattawanku, na irin ciwon da zafinmu da ƙurarmu da wutarmu mai hawa da sauka ke jawo wa kaya, babu shi a rumbun kowane kamfani. Ku rubuta shi, ku ɗauke shi a bidiyo da Hausa, ya zama mallakinku. Ku sa wa kanku dokar ba da rasit da garanti. Ranar da kowa zai iya yin magana kamar gwani, amana ce za ta yi tsada.

Iyaye, in ɗanku ya ce lantarki yake so, kar ku kalle shi kamar wanda ya kasa. Ku dai tabbata yana haɗawa da karatu, kuma wurin mai tsoron Allah yake koya.

Kai kuma ƙanena da ke shago kana karanta wannan, kar wani mai lambar asusu ya sa ka raina abin da ke hannunka. Riƙe filayarka. Koyi lissafin. Koyi sola da batirin lithium da inbata, don can kasuwar ta nufa. Yi amfani da AI, amma kar ka taɓa wayar da ba ka auna da hannunka ba, ko wa ya ce maka ta mutu.

Masu sana'ar da ke nan, ku faɗa mana abin da kuke gani a shagunanku, musamman wanda ya taɓa karɓar aikin da wani ya ɓata da shawarar waya. Masu sayar da kwas ma ƙofa a buɗe take, ku zo da hujja. Allah Ya tsare mu da sharrin wuta, Ya sa wa sana'o'inmu albarka.